Gaban tsagewa da bayanta, wa ya fi shan wuya a girgizar ƙasa?

Ɗan uwa ka tambaya me yasa gari biyu nisansu ɗaya da inda girgizar ƙasa ta faro, amma ɗaya ya rushe ɗaya kuma kwanuka ne kawai suka zube. Nisa ba shine komai ba, sai ka duba ina tsagewar ta dosa.

Girgiza ba bam bace da zata tashi wuri ɗaya. Dutsen ƙarƙashin ƙasa ne ke yagewa, kamar yadda mai yadi ke ɗan tsaga baki da almakashi ya ja fyaaat har ƙarshe, kuma gudun yagewar nan kusan kilomita 3 ne a sakan ɗaya, jijjigar da take turawa gaba ma kaɗan ta fi ta gudu.

To kaga wanda ke gaba, jijjigar duk tsawon tsagar ce ke taruwa ta iso mishi kusan lokaci guda, bugu ɗaya gajere mai ƙarfin tsiya, irin wanda dogayen benaye da gadoji basa so ko kaɗan. Na baya kuwa a warwatse take zuwar mishi, zai daɗe yana rawa amma da dama-dama.

An ga haka ƙiri-ƙiri a Landers ta Kalifoniya a 1992, mai maki 7.3. Tsagewar arewa ta nufa, na'urar auna girgiza ta yankin Lucerne dake gaba ta ɗauki wawan bugu na ɗan lokaci, ta Joshua Tree dake baya kuma jijjiga mai tsayi amma marar ƙarfi sosai.

Shi yasa masana ke gwada abin a kwamfuta. Sun ɗauki kudancin tsagar San Andreas, wata doguwar tsagar ƙasa a Kalifoniya, in yagewar ta taso daga wajen tafkin Salton ta yi arewa maso yamma sai ta tura ƙarfin cikin kwarin Los Anjalas, in kuma aka juya ta, maki ɗaya tsaga ɗaya, birnin yafi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Atisayen shirin girgizar ƙasa na ShakeOut na 2008 ma wadda ta taso daga Salton ɗin suka ɗauka, maki 7.8.

Amma fa kar ka ɗora komai kan wannan. Antakya ta Turkiyya a 2023 tsagewar ta doso ta kam, sai dai ƙasar wurin mai laushi ce, ga gine-gine da yawa marasa ƙwari, duk abin ya haɗe mata.