Shagon tangaran a Baltimore: kaya masu kyau, amma salsalar babu takarda

Shagon na wata dattijuwar Baturiya ne a Baltimore, ɗan ƙarami, cike da tsofaffin kwanuka, farantai da tuluna na tangaran ɗin ƙasar Sin. Abin da ya fara burge ni shi ne tana bari a taɓa kaya. Ita da kanta take miƙo faranti, ta ce a kifa shi a duba gindinsa, a ɗan ƙwanƙwasa da farce a saurara. Mai lafiya ƙararsa tana daɗewa, mai tsaga kuwa sai ka ji ta mutu nan take. Inda baki ya ɓalgace aka like shi, ba ta ɓoyewa.

Inda muka rabu da ita shi ne kan wasu farantai masu zanen shuɗi a kan fari, waɗanda ta tsawwala wa kuɗi. Ta ce daga gidan wani babban manajan kamfanin jirgin ƙasa suka fito, jikarsa ce ta sayar mata. Na nemi rasit, ko takardar rabon gado, ko da tsohon hoton falo ne da farantan a kabad. Babu. Sai ta nuna mini tambarin sarki Kangxi na ƙasar Sin, haruffa shida a gindin kowanne. To, Kangxi ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, amma maginan Jingdezhen, garin da ya yi suna wajen ginin tangaran a Sin, sun ci gaba da rubuta sunansa a kan sababbin kaya har ƙarshen ƙarni na 19. Ɗaya ma daga cikin farantan yana da CHINA da jan rubutu, alhali sai bayan dokar harajin McKinley ta 1890 Amurka ta wajabta sa sunan ƙasa a kan kayan da ake shigowa da su. Mai yiwuwa jikar gaskiya ta faɗa: kakanta ya saya, amma sabo fil ya saya.

Labarin attajirin reluwe yana karɓuwa a garin nan don an taɓa yin na gaske. William Walters da ɗansa Henry, wanda ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa na Atlantic Coast Line, sun tara tangaran na fitar hankali. Akwai ɗan tulunsu da ake kira Peach Bloom, ja-ja mai dishi-dishi, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, wanda aka yi gwanjonsa a New York a 1886 cikin kayan wata attajira, Mary Jane Morgan, a kan dala 18,000. Daga hannunta ya koma na William, Henry ya gada a 1894, shi kuma da ya rasu a 1931 ya bar wa birnin Baltimore tarin kayan baki ɗaya. Kowane hannu da sunansa da shekararsa, kamar isnadin hadisi. Shiga gidan tarihin Walters, inda kayan suke, kyauta ne, kuma gara mutum ya fara zuwa can ya wanke ido kafin ya taka shago irin wannan.

Ban ɗauki farantan ba. Wani ɗan kwanon shayi na saya, wanda ta ce na farkon ƙarni na 20 ne, ba ta jingina shi da gidan kowa ba, kuɗinsa kuma daidai. Ta naɗe shi da kyau, ta rubuta bayaninsa a rasit da na roƙa. Ana taya mata ta rage, amma kaya in sun fita ba sa dawowa, kuma can cikin shagon akwai duhu, sai an haska da tocilar waya ake ganin siririyar tsaga.