Sharhi kan mai gyaran da ya gano abin da ke ɗauke hoton kwamfutata

Duk mai kwamfutar tebur ta wasa ya san tashin hankalin da mutum ke shiga idan sikirin ya fara ɗauke hoto, domin zuciya katin hoto take fara zargi, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a sikirin, shi ne kuwa yawanci mafi tsada a cikin akwatin. Wannan sharhi ne kan wani mai gyara da na kai wa tawa a wajen Beirut Road, a nan Kano. Aikinsa ya gamsar da ni, amma akwai inda bai kyauta ba.

Kwamfutar haɗi ce. Katin RTX 3060 ne mai gigabait 12, na hannu na saye shi, sai monita mai ɗigo 2560 da 1440 da ke gudu a kan Hz 165, wato tana sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa, an haɗa su da wayar DisplayPort mai kai hoto daga kati zuwa monita. Ana tsakiyar wasa sai sikirin ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, sauti yana ci gaba a kunne, sannan hoto ya dawo. A wuraren duhu na wasan kuma wasu ƙananan ɗigo farare da koraye suna ta ƙyalƙyali. Duk wanda na nuna wa sai ya ce katin ya gama yawo. Tsoron nasu yana da tushe: tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a Satumbar 2022, katunan da suka sha wahala dare da rana suka cika kasuwar kayan hannu, kuma irinsu ne ƙwaƙwalwarsu ke fara watsa ɗigo.

Abin da ya fara burge ni tun a waya ne. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka kawo akwatin kaɗai. Haɗo da monitar da duk wayoyinta, har ta wuta." Masu gyara da yawa akwatin kawai suke karɓa, su jona shi da tsohuwar monitar shago mai Hz 60, su ga komai lafiya, su ce maka babu matsala.

Bai taɓa sukundireba ba sai da ya ga matsalar da idonsa. Da ɗigon suka fito sai ya ɗauki hoton sikirin daga cikin Windows, ya tura wayarsa ya buɗe. Hoton tas, babu ɗigo ko ɗaya. Ya ce, "Ka gani, Yallaɓai? Da ƙwaƙwalwar katin ce ke ɓata hoton, da yawanci mun ga ɓarnar a nan ma. Katin yana zana abu daidai, a hanya ake ɓata shi." Daga nan ya sauke gudun monitar zuwa Hz 60, sai ɗigon suka ɓace, ɗaukewar ma ta tsaya. Ya mayar 165, suka dawo nan take. Dalilin a fili yake: bayanan da ke bi ta cikin wayar a 165 sun kusa ninka na 60 sau uku, wayar da ba ta da inganci kuwa takan iya ɗaukar ƙaramin kaya amma ta gaza a babba. Wannan gwajin bai ci ko kwabo ba, kuma shi ne ya raba gardama.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya sauya ramin da wayar ke shiga a bayan katin, ko ramin ne ya saki, abin bai canza ba. Ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton matsaloli, yana neman saƙo mai lamba 4101, wanda Windows ke rubutawa idan direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya daskare har aka sake tayar da shi, bai samu ba. Ya kunna manhajar gwaji ta FurMark ya matsa wa katin lamba yana kallon zafinsa a manhajar HWiNFO. Zafin ya ɗan hau, domin ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya shi, amma katin bai faɗi ba. Sai a ƙarshe ya ɗauko gajeriyar wayar DisplayPort mai shaidar VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar DisplayPort, ya jona. Muka zauna muna kallon wasa a Hz 165 tsawon lokaci, ko ƙiftawa sikirin bai yi ba. Tsohuwar wayar, doguwa siririya marar suna da aka haɗo mini da monitar, ita ce mai laifin.

Na kuma yaba da yadda ya kakkaɓe ƙurar. Ya riƙe fankokin katin da yatsa kafin ya hura iska, don kada su yi gudun da ya wuce ƙa'ida su lalace. Ƙaramin abu ne, amma a nan ake gane wanda ya san darajar kayan mutane.

Inda na ji haushi shi ne maganar kuɗi. Bai faɗi kuɗin dubawa ba sai da aka gama, na nemi rasit ya ce ba sa bayarwa, wayar kuma ya sa mata kuɗi fiye da yadda na ji ana sayarwa a sauran shagunan layin. Ya kuma nace sai ya buɗe katin ya sauya man da ke tsakanin babban guntun lantarkin katin da ƙarfen sanyaya, alhali bayan kakkaɓar ƙura zafin ya sauka. Na ce, "Injiniya, a bar shi haka tunda ba ya ciwo," ya haƙura ba da son ransa ba.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba: ya goge direban hoto da manhajar goge direba ta DDU ya sa sabo, wai don a tabbatar. DDU manhaja ce mai kyau, kyauta ce, kuma ita ce maganin direban da ya rikice. Amma gwajinsa da kansa ya riga ya nuna direban ba shi da laifi. Gogewar ta share duk saitina, monitar ta koma Hz 60, bai mayar ba kuma bai faɗa mini ba. Wanda bai san wajen dubawa ba zai koma gida yana murna an gyara, alhali monitarsa mai tsada tana gudu kamar ta ofis.

Zan sake kai masa aiki, kuma zan tura duk wanda sikirinsa ke ɗaukewa, da sharaɗin a yi ciniki tun farko, a kuma duba saitin monita kafin a bar shagon. Idan kuwa ɗigon sun fito har a cikin hoton da aka ɗauka, shi da bakinsa ya ce ba shi da na'urar cire guntun ƙwaƙwalwa daga jikin kati, sai dai ya haɗa ka da masu wannan aikin.