'Yar Amurka, 'Yar Landan Ko 'Yar Sin: Wace Za Ka Ɗauka?

Ka shiga Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ka tambayi kuɗin iPhone 14 Pro a shago uku, za ka ji farashi uku. Launi ɗaya, girman ma'adana ɗaya, lafiyar batir ma kusan ɗaya. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka mai tsadar ne ke son cutarsa. Sau da yawa ba haka ba ne. Kamfani yakan ƙera waya da suna ɗaya, amma wadda ya yi wa kasuwar Amurka daban, ta Turai daban, ta ƙasar Sin daban. Mu da yawancin manyan wayoyinmu na hannu ne, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, daga ko'ina ake kwaso su, dole mu riƙa tambayar kasuwar da aka yi wa wayar kafin mu tambayi kuɗinta.

Maganar sim ce ta fi cizon mutane, don haka da ita zan fara. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, duk wadda aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da gurbin saka sim kwata-kwata. Ka juya ta gaba da baya, babu ramin da za ka soka allura. Da eSIM take aiki, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayar da shi a Najeriya, kuma idan an ɗora yana aiki lafiya lau. Ƙalubalen yana zuwa ranar da wayar ta faɗa ruwa ko fuskarta ta mutu. Mai sim na kati zai zare ya saka a ƙaramar wayarsa, saƙon banki ya ci gaba da shigowa. Mai eSIM kuwa sai ya nemi ofishin kamfanin layin, ga layin jira, ga tantance NIN. Haka ɗan kasuwar da ke shiga Maraɗi ko Damagaram: sim ɗin da zai saya a bakin tasha ba shi da inda zai shiga a wayarsa. Wannan ne babban dalilin da ya sa 'yar Amurka ta fi araha, kuma idan ka tashi sayarwa, haka za a karya maka kuɗinta.

Masu sayo waya a Dubai da alhazai su lura, abin ya ƙaraso inda suke zuwa. Jerin iPhone 17 na 2025 da ake sayarwa a Saudiyya, Daular Larabawa, Katar, Kuwait, Bahrain da Oman, har da Kanada da Japan, duk eSIM zalla ne. Tsarabar Makka ce mai kyau, amma a san abin da aka ɗauko. Ita iPhone Air ma a duk duniya ba ta da gurbin kati.

Ta Ingila da sauran Turai, wadda muke kira 'yar Landan ko da ba ta taɓa ganin Landan ba, tana da gurbin kati ɗaya da eSIM. A ganina ita ce matsakaiciya, ita zan nuna wa wanda ba ya son dogon lissafi. Yawancin samfuran Hong Kong da na ƙasar Sin daga iPhone 11 zuwa 16 kuwa kati biyu suke ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya, shi ya sa masu layin kasuwa da layin gida suke rububinsu. Sai dai kar a haɗa su a kwando ɗaya. Wadda aka yi wa cikin ƙasar Sin ba ta kiran murya ta FaceTime, kuma lokacin da Apple ya fito da manhajojinsa na ƙirƙirarriyar basira a 2024, ba su yi aiki a kanta ba. Ta Hong Kong ba ta da waɗannan tarnaƙi.

Gane asalin iPhone ba sai an yi rantsuwa ba. A saitin wayar, wajen bayanin na'ura, akwai lambar samfuri. Idan ta ƙare da LL/A ta Amurka ce, B/A ta Ingila, CH/A ta Sin, J/A ta Japan, HN/A ta Indiya. Harafin farko ma yana magana: M sabuwa ce aka sayar, F kamfani ne ya sabunta ta, N kuma wadda aka ba mutum ce a madadin tasa da ta lalace. Wayoyin Japan da Koriya an san su da ƙarar kyamara da ba ta yin shiru ko an kashe sauti, abin da kan ba mutum kunya a wajen ɗaurin aure, amma wannan ƙaramin abu ne.

A ɓangaren Samsung, musun da samari suka fi yi shi ne na Snapdragon da Exynos, wato injin da ke cikin wayar. Musun yana da tushe. Galaxy S22 ta Turai Exynos 2200 ke cikinta, ta Amurka kuwa Snapdragon, kuma masu wasan gem sun daɗe suna kukan zafi da shan caji a kan Exynos na wancan lokacin. A 2023 S23 da S23+ da S23 Ultra duk sun zo da Snapdragon a ko'ina. A 2024 aka sake rabawa: S24 da S24+ na Turai Exynos 2400, na Amurka da Sin Snapdragon, Ultra kuwa Snapdragon ce a duk duniya. S25 ta sake haɗe kan kowa a Snapdragon. To amma gaskiya, wanda aikinsa WhatsApp ne da TikTok da tura kuɗi, zai yi shekara uku bai ji bambancin ba. Abin da zai ji shi ne harafin ƙarshen lambar samfurin. U na nufin an yi ta ne wa kamfanin layi na Amurka, irin su Verizon ko T-Mobile, har tambarinsu kan fito idan an kunna, kuma kati ɗaya take ɗauka. U1 ta Amurka ce da ba a ɗaure ta da kowane kamfani ba. B ko F su ne na kasuwar duniya, N ta Koriya, idan kuma ka ga DS a ƙarshe to mai sim biyu ce.

Ɗaurin nan shi ne ramin da ya fi zurfi a wayoyin Amurka. A can mutane da yawa da bashi suke karɓar waya daga kamfanin layi, suna biya wata-wata, wayar kuma tana kulle har a gama biya. Idan irinta ta iso nan, sai a liƙa mata wani siririn faranti a ƙarƙashin sim don ta kama sabis. Za ta kama ɗin, har ranar da ka sabunta manhajar wayar ko ka canza layi, sai ka wayi gari da kyamara mai tsada a hannu. A iPhone, wajen bayanin na'ura akwai layin da ke nuna kulle. Abin da kake son gani shi ne "No SIM restrictions". Idan ba haka aka rubuta ba, kuma duk da haka arahar ta ja ka, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai wayoyin Android da aka yi wa cikin ƙasar Sin: Xiaomi, Oppo, Vivo da sauransu. Kayan cikinsu kan yi kyau ƙwarai a kan kuɗinsu, wani lokaci ma waya ɗaya ce aka canza wa suna. Redmi K40 ta Sin ita ce Poco F3 a kasuwar duniya, ita ce kuma Mi 11X a Indiya. Sai dai a Sin ba a amfani da Google, don haka ba sa zuwa da Play Store. Wasu dillalai kan buɗe wayar su ɗora mata wata manhajar da ba ta kamfani ba, su mayar da ita kwali, ka kunna ka ga Turanci da Google ka ce ai shi ke nan. Daga baya manhajar banki ta ƙi buɗewa, sabuntawa ta daina zuwa, saƙon WhatsApp ba ya shigowa sai ka buɗe da kanka. Huawei kuwa nata daban ne: tun takunkumin Amurka na 2019, sababbin wayoyinta daga Mate 30 ba su da Google ko a wace ƙasa ka saya.

Akwai kuma zangon sadarwa, abin da masu gyara ke kira band. Wayoyin cikin Sin da yawa ba su da band 20, wanda MTN ke amfani da shi wajen 4G, kuma irin wannan zango na ƙasa-ƙasa shi ne ke ratsa bango ya kuma yi nisa a karkara. Glo na amfani da band 28, wanda tsofaffin wayoyi da dama ba su da shi. A tsakiyar birni ba lallai ka lura ba, sai ka je ƙauye gaisuwa ka ga wayar ƙaninka tana 4G taka tana jan ƙafa. Shi kuwa 5G mai tsananin gudu da ake yi wa iPhone ɗin Amurka talla da shi, ba shi ake amfani da shi a nan ba. Na MTN da Airtel a kan 3.5GHz yake, don haka kar ka ƙara ko kwabo saboda shi.

Garanti ma yana bin ƙasar da aka sayar da waya a mafi yawan lokuta. Nan ne Tecno, Infinix da itel suka yi wa manya fintinkau: don kasuwarmu aka yi su, sim biyu, ga cibiyar gyaransu ta Carlcare a manyan garuruwa, ga kayan gyara a kowane lungu. Mai matsakaicin ƙarfi da ke son kwanciyar hankali, sabuwa a kwali daga cikinsu, ko Samsung jerin A da aka shigo da ita ta hannun wakili, ta fi masa babbar waya da ba a san tarihinta ba.

Duk wadda ka zaɓa, kar ka biya sai ka zauna a bencin shagon ka saka layinka na kanka. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali. Ka kira wani, ka kashe Wi-Fi ka buɗe bidiyo da datarka. Idan Android ce, ka duba saitin Play Store ka ga ko an rubuta cewa na'urar tantacciya ce, sannan ka sauke manhajar bankinka ka shiga. Idan iPhone ce, a goge ta a gabanka a sake kunnawa, don ka tabbata babu iCloud ɗin wani, wato asusunsa na Apple, a kanta. Sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da IMEI da adadin kwanakin da za ka iya dawo da ita.