Gargaɗi: mai sayar da kayan haɗa na'urar sauti ya damfare ni naira 420,000

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin wani mutum da ke tallata kayan haɗa na'urar sauraron sauti a zaurukan WhatsApp da Facebook ya karɓi naira 420,000 a hannuna, ya aiko mini da tarkacen da ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba su kai ba. Ba zan kama sunansa ba tunda maganar ta riga ta je gaban hukuma, amma duk wanda ya taɓa ciniki da shi zai gane shi, saboda shi ne mai cewa yana da yaro a birnin Shenzhen na ƙasar Sin da ke gwada masa kowane allon lantarki kafin a ɗoro shi jirgi.

Abin da nake haɗawa ba sabon abu ba ne ga masu wannan sha'awa. Ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da na ɗora wa manhajar kunna sauti ta Volumio, na kwashe tsofaffin faya-fayen CD ɗina na mayar da su fayilolin sauti na FLAC, ina so sautin ya fita ta wayar S/PDIF mai om 75 zuwa DAC ɗina, wato na'urar da ke mayar da bayanan dijital sautin da kunne ke ji, ba tare da rawar agogo ba. Rawar agogo ita ce idan bugun da ke tsara fitar bayanan sauti ya riƙa zuwa da wuri ko a makare da ɗan taƙin da bai kai a misalta ba, kuma an san Raspberry Pi da wannan rauni idan aka bar shi ya ba da bugun I2S, wato hanyar da yake fitar da bayanan sauti, da kansa, domin agogonsa ba don sauti aka yi shi ba, sai ya yi ta rabon da ba ya fita daidai kafin ya samar da 44.1 kHz na faifan CD. Maganin da kowa ya sani shi ne a ɗora masa allo mai agogonsa na kansa, allon ya zama shi ke ja, Pi ɗin yana bi.

Ina so a fahimci yadda aka yi na yarda da shi, domin tun da maganar ta fito wasu ke ta cewa na yi gaggawa, alhali kuwa ban yi ba. Tambaya na yi masa irin wadda ɗan kasuwar da bai san kayansa ba ba zai iya amsawa ba. Ban ma gama rubuta ta ba sai ga saƙon murya: "Yallaɓai, agogo biyu kake bukata, 22.5792 MHz na dangin 44.1, da 24.576 MHz na dangin 48, kowanne ninki 512 ne, ba ka bukatar wani rabo mai saura." Na ɗauki kalkuleta na buga, lissafin ya fita cif. Ya ce Pi 3 kiristal ɗin da ke ba shi bugun agogo 19.2 MHz ne, na Pi 4 kuma 54 MHz, kuma haka abin yake. Ya ce agogunan da ke kan allon na kamfanin Crystek ne, samfurin CCHD-957, ya ce na'urar ba da wutar tana da taransifoma mai zobe da LT3045 mai daidaita wuta a ciki. Na saurari wannan saƙo sau ba adadi tun daga lokacin, ina neman inda muryarsa ta yi rawa ko inda ya yi tuntuɓen harshe, ban samu ba. "Yallaɓai, agogo biyu kake bukata." A natse ya faɗe ta, har da ɗan dariya irin ta wanda ya ga ɗan'uwa a sana'a. Wane ne a cikinku zai ji wannan bayani ya ce mai maganar ɓarawo ne?

Na tura masa naira 250,000 kafin alƙalami. Daga baya na cika naira 120,000, sannan ya kira ni da daddare ya ce kaya sun maƙale a kwastan a Legas, sai an ba da naira 50,000 kafin a sake su. A'a, maganar kwastan ce ta riga cikon, domin na tuna sai da ya turo mini hoton kwali da lambar wayata a jiki sannan na cika. Ko ma dai yaya ne, 250,000 da 120,000 da 50,000 sun tashi 420,000, kuma dukkansu ina da rasit. Na kwastan ɗin nan asusun da ya ba ni sunan wani ne daban, ya ce na wakilinsa ne mai fito da kaya, kuma duk wanda ya taɓa shigo da kaya ya san haka ake yi.

Da kayan suka iso tasha na je na karɓa, akwatin wutar yana da nauyi a hannu, na aluminiyam baƙi, ya yi kyau ƙwarai. Na haɗa komai, sauti ya fito, amma ban ji wani bambanci ba, kuma ƙaramar rediyon da ke kan teburin ta fara ƙugi duk lokacin da na kunna wutar. Taransifoma ta gaskiya ba ta yin haka. Na kwance murfin, sai na tarar da cikin cajar waya ce aka ɓare aka manna da gam, kusa da ita kuma an liƙa guntun ƙarfe don akwatin ya yi nauyi. Babu taransifoma, babu LT3045, babu komai. Wannan akwati shi kaɗai ya sa mini shi a naira 140,000 cikin 420,000 ɗin.

Tun kafin in buɗe akwatin ma na riga na yi masa magana kan rashin bambancin sauti, ya ce: "Babban yaya, ka bar shi ya yi awa 200 yana aiki, kunnenka ne bai saba ba." Yanzu na gane lokaci yake saye. Allon kuwa na kai wa wani abokina mai gyaran na'urorin asibiti, wanda ke da osiloskop, na'urar da ke nuna bugun lantarki, ya ɗora sandar awo a ƙafar kowane agogo bai ga bugu ko ɗaya ba. Da muka juya allon a ƙarƙashin fitila sai muka ga ƙafafun an liƙa su da dalma a wurin da babu layin da ya tafi ko'ina, ko wuta ba ta isa gare su. Gwangwani biyu ne kawai da aka buga wa sunan kamfanin da bai san da zamansu ba. Bugun da allon ke aiki da shi daga ƙafar GPIO 18 ta Pi ɗin yake fitowa, wato ainihin rawar agogon da na biya naira 420,000 don in rabu da ita, ita nake saurare.

Masu cewa ai kunne ba ya jin wannan bambanci, kuma DAC na zamani suna gyara bugun da kansu, na ji, wannan muhawara ce ta wata rana. Ni dai agogo biyu masu aiki na saya, kuma ba a ba ni su ba. Da na tura masa hoton cajar da ƙarfen, sai ya ce yaronsa na Shenzhen ne ya cuce mu baki ɗaya, ya rantse zai dawo da kuɗin, washegari ya toshe lambata, aka kuma cire ni daga zauren. Mutanen da ke yabonsa a can suna cewa kayansu sun iso lafiya, na lura duk salon rubutunsu ɗaya ne da nasa, har kuskuren haruffan.

Kada ku tura masa ko sisi. Kowa ma ya zo muku da irin wannan allo, ku ce ya nuna bayansa da cikin akwatin wutar a bidiyo kai tsaye, kuma a biya bayan an gwada.

Zan sa hotunan hirarmu, da rasit uku, da hoton ƙarfen da aka manna, da saƙon muryar nan, da zarar jami'in da ke riƙe da ƙarar ya ce babu laifi. Wanda duk mutumin nan ya karɓi kuɗinsa ya turo mini saƙo da rasit ɗinsa, a haɗa da nawa na naira 420,000 a fayil ɗaya.