Inkbird ITC-308 da IHC-200 a ɗakin shuka: abin da suke iyawa da inda suke barin ka

Waɗannan akwatuna biyu makunnai ne masu ma'auni. ITC-308 yana bin zafi, IHC-200 yana bin laimar iska. Kowanne na da fulogi guda da ake sa wa a bango, soket biyu, da waya mai ɗan kan awo a ƙarshenta. A na zafin, soket ɗaya na abin sanyaya ne, ɗayan na abin ɗumama. A na laimar kuma, ɗaya na injin fesa hazo, ɗaya na injin tsotse laima.

Saitin ba ya ɗaukar minti biyar. Idan ka sa TS (zafin da kake so) a 24, CD (tazarar da zafi zai haura kafin sanyaya ta fara) a 2, fanka za ta tashi da zarar ɗaki ya kai digiri 26, ta mutu idan ya sauko 24. Haka IHC-200: HS (laimar da kake so) a 60, DD (tazarar da laima za ta haura kafin a fara tsotsewa) a 5, mai tsotse laima zai kama aiki a kashi 65. Kada a matse tazarar ta koma rabin digiri don neman daidaito, domin injin zai yi ta kunnawa da kashewa har ya gaji. Akwai kuma PT, jinkirin da ke kare kwampreso, injin matsa gas irin na cikin firiji. Duk injin da ke da kwampreso a ba shi minti uku aƙalla. A wannan fannin ba su da abin zargi, suna yin abin da aka ce musu.

Matsalar ita ce ba sa magana da juna, kuma babu wanda ya san lokacin da fitila ke mutuwa. A nan ake asarar shuka. Iska mai digiri 28 da laima kashi 60 tana riƙe da ruwa wajen giram 16 a kowace mita kubik. Fitila ta mutu, ɗaki ya sauko digiri 20, inda iyakar abin da iska za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 da ɗoriya ba. Ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, amma laima ta haura kashi 90. Daidai wannan lokacin ITC-308 ya ga sanyi ya samu, ya kashe fankar da ke fitar da iska. Da safe sai a tarar da raɓa kwance a bangon tantin da ake shukar a ciki da ƙasan ganye, bayan 'yan kwanaki farar fumfuna ta fito kamar an barbaɗa toka a kan latas. Maganinsa: a bar ƙaramar fankar fitarwa tana aiki dare da rana daga soket ɗin bango kai tsaye, babbar kaɗai za a ba ITC-308. Wanda ba shi da injin tsotse laima yana iya sa wata fankar a soket ɗin IHC-200 da aka tanadar wa injin.

Da rana kuma faɗan ya juya. Mai fesa hazo yana cika ɗaki, fanka tana kwashewa waje, tankin ruwa ya ƙare kafin la'asar. A faɗaɗa CD zuwa 3, ko a rage zafin tun daga tushe. Kusan duk wutar da fitila ta ci zafi take komawa: fitilar LED mai watt 300 daidai take da ƙaramar hita mai ba da BTU (ma'aunin yawan zafi) 1,020 a awa. Idan akwatin wutar fitilar yana ciruwa, a fitar da shi wajen tanti. A sa agogon kunna fitila daban, awa 14 zuwa 16 ga ganyayyaki, a kuma juya lokacin ya faɗo cikin dare sa'ad da iskar waje ta fi sanyi. Mai tsotse laima ma zafi yake ƙarawa, abin da mutane kan manta ke nan.

Iyakar nauyin kowannensu amfiya 10 ce. Iyakwandishan babba ya kan ja fiye da haka a lokacin tashi, don haka a bar shi da ma'auninsa. Sannan injin da ake taɓa masa madanni na lantarki ba lallai ya farka da kansa ba idan wuta ta dawo. Kafin saye, a kunna shi, a zare fulogi, a mayar. In bai tashi ba, akwatin ba zai iya tuƙa shi ba.

Kan awon kuwa a rataye shi daidai tsayin saman ganye, a yi masa 'yar inuwa da kwali, nesa da bakin hazo. Na laimar ba ya son jiƙa. Don gwada gaskiyarsa, a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe su tare cikin roba mai murfi na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna kashi 75. In ya nuna 71, a shiga CA, wato saitin gyara awo, a ƙara 4.