Kwana biyu a cikin ganuwar Monemvasia

A watan Oktoban da ya wuce ni da uwargida muka ɗauki hayar mota daga Atina, inda nake aiki, muka nufi Monemvasia a kudancin Girka. Tafiyar ta kusa kilomita 300, ta Korinti da Tripoli da Sparta, ta ci mana awa huɗu da 'yan kai. Bayan Sparta titin ya tsuke, sai kwana-kwana tsakanin gonakin zaitun da na lemo.

Idan ka iso Gefyra, ƙauyen da ke bakin ruwa, ba garin za ka gani ba. Wani ƙaton dutse ne kawai tsaye a teku, siririyar gada ta haɗa shi da tudu. Garin na can bayan dutsen a laɓe, kuma da gangan aka laɓe shi: mutanen yankin Lakoniya ne suka gudo nan a ƙarni na 6 suna tsere wa mahara daga arewa. Sunan ma ma'anarsa "mashiga ɗaya". Ni da na tashi ina bin ƙofofin Kano, wannan ta Nasarawa, waccan ta Mata, sai na tsaya ina kallon gari guda mai babbar ƙofa ɗaya tilo, ita ma a karkace take, har ka shige ba ka hango abin da ke gabanka ba.

A bakin ƙofar nan mota ke tsayawa. Ciki babu mota, babu babur, sai ƙafa da baro. Masaukin da muka kama tsohon gidan dutse ne, kuma laifinsu na farko shi ne ba su gaya mana yawan matakalar da ke tsakanin ƙofa da ɗaki ba. Tayar akwatinmu ta karye tun kan mu yi nisa, sai da wani ɗan dako ya ɗora kayan a baronsa. Ɗakin yana warin raɓa, ruwan zafi ya ƙare kafin mutum na biyu ya gama wanka, intanet kuwa kaurin bango ya hana shi shigowa. Kuɗinsa kuma ya kusa ninka na otal a Gefyra.

Duk da haka da za a mayar da ni baya, cikin ganuwar zan sake kwana, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ke nan. Da rana babban layin garin cike yake da 'yan yawon buɗe ido da aka sauke daga manyan motoci, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ana yin magariba sai su watse. Bayan mun yi sallar asuba a ɗaki muka fita kan ganuwar da ke fuskantar teku. Ba kowa sai kyanwoyi da wata tsohuwa mai share ƙofar gidanta. Ruwa na dukan gindin katanga, hasken safiya na hawa kan jajayen rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo da hantsi ya koma da la'asar bai ga wannan garin ba.

A dandalin tsakiyar gari, gaban cocin Elkomenos Christos, uwargida ta ja hannun rigata. "Malam, dubi ƙubbar can, ai masallaci ne." Haka ne kuwa. Turkawan Daular Usmaniyya suka gina shi a ƙarni na 16, yanzu ɗan gidan tarihi ne da aka jera sassaƙaƙƙun duwatsu da tukwane a ciki. Garin ya sha sauya hannu: Turkawa sun karɓe shi daga mutanen Venice a 1540, waɗancan suka dawo a 1690, Turkawa suka sake karɓa a 1715, har zuwa 1821 da Girkawa suka ƙwace shi a yaƙin neman 'yancinsu. Na daɗe a tsaye cikin ɗakin, ina tunanin sahun da aka taɓa yi a wurin. Masallacin da ake salla babu, don haka a taho da darduma.

Hawa garin sama, wato tsohon garin da ke kan dutsen, shi ne wahalar gaske. Hanyar a murɗe take, sawun mutane ya goge duwatsunta har suna sheƙi, takalmi mai santsi zai iya kayar da mutum. A sama kusan duk kufai ne da tsofaffin matattaran ruwan sama, don da ruwan sama mutanen dutsen suka rayu. Sai cocin Hagia Sophia ta ƙarni na 12, zaune a leɓen dutse, teku na can ƙasa da nisa. Ana ta takaddama kan shirin kafa keken igiya da zai riƙa kai mutane sama. Na tausaya wa dattawan da muka bari a ƙasa suna haki, amma raina bai kwanta da a kafa ƙarafa a jikin dutsen nan ba.

Abinci bai ba mu wahala ba: kifi, zaitun, da saitia, wani soyayyen fanke mai ganye da cuku a ciki. Sai dai a tambaya kafin a ci, don siglino da ake sa wa ƙwai naman alade ne, kuma masu shaguna kan miƙo giyar malvasia a ɗanɗana. Matar da ke kula da masaukin, da na yi mata bayani sau ɗaya, ba ta sake mantawa ba. Ta kuma ajiye mana amigdalota, alewar almon, a kan tire.

Rana ta ƙarshe muka gangara Pounta, jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibirin Elafonisos cikin kimanin minti goma. Rairayin bakin tekun Simos fari ne tas, ruwan har kana ganin yatsun ƙafarka, amma iska ta tashi ta kore mu da wuri. Gerakas, ɗan mashigin ruwan da ke arewa da Monemvasia, lokaci bai bar mu mun je ba. Shi muka sa a gaba idan Allah ya kai mu bazara, da jakar goyo maimakon akwati.