Harajin gado a Amurka: a bar wa mata kai tsaye ko a buɗe asusun amana?

Daga 2026, harajin gado na tarayyar Amurka ba ya taɓa dala miliyan 15 na farko. Abin da ya haura ana cire masa har kashi 40 cikin 100.

Miji ya bar wa matarsa komai, in 'yar ƙasa ce, ba haraji, kuma rangwamensa, wato adadin da harajin ba ya taɓawa, ya koma mata muddin an miƙa wa hukumar haraji ta IRS fom 706 na harajin gado. Sai dai rangwamen ba ya ƙaruwa ko dukiyar ta ninka, kuma ita ke zaɓar magada.

Asusun amana kuwa, wato a damƙa dukiyar ga wani amintacce ya kula da ita, matar ta ci riba, uwar kuɗi ta jira 'ya'ya, haɓakarta ba harajin gado. Lauya zai ci nasa, amma mai 'ya'yan auren fari wannan ya fi masa.